Gida Mai Tsoho Da Ɗan Makaranta: Shawarwari 24 Daga Binciken Masana

Masu bincike a jami'o'i kan kwashe shekaru suna bin dubban mutane, a kashe kuɗi masu yawa, daga ƙarshe sakamakon ya maƙale a mujallar da likitoci da farfesoshi kaɗai ke karantawa. Alhali da yawa daga abin da suka gano bai wuce aikin kujera da cokalin shayi da gawayin zane ba. Ga waɗanda na tsinto game da mutum biyun da suka fi ɗaukar hankalin kowane gida: tsohon da ƙarfi ke barinsa, da yaron da lissafi ke sa wa kuka. Kowa ya ɗauki wanda ya yi daidai da gidansa.

1. Duk wanda ya haura 40 a auna jininsa, ko da garau yake jin kansa.
Wani babban bincike mai suna SIREN, da aka yi a asibitoci 15 na Najeriya da Gana har da na Kano da Zariya, ya kwatanta mutum fiye da 2,000 da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki da takwarorinsu masu lafiya. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna hawan jini na da hannu a kusan tara cikin kowane goma. Ciwon ba ya sallama, rashin ciwon kai kuma ba shaidar lafiya ba ne, don haka in na'urar awo ta yi wa gida ɗaya tsada, gida uku su haɗa kuɗi su sayi guda.

2. A yi awon a zaune, hannu bisa tebur.
Mutum ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, a kuma bar gaisuwa sai an gama, domin magana na ɗaga lambar. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gano a 2024 cewa barin hannu yana reto a gefe na ƙara kusan 7 a kan lambar sama, ɗora shi a cinya kuma kusan 4. Ku riƙa rubutawa da kwanan wata a littafi guda. In 140 bisa 90 ko sama da haka na ta maimaituwa, a tafi da littafin wurin likita.

3. Jin sauƙi ba dalilin ajiye magani ba ne.
Maganin hawan jini riƙe ciwon yake yi, da an ajiye shi jini zai sake hawa. Ku ajiye kwalin kusa da dadduma ko kofin koko, yadda shansa zai bi bayan abin da ba a mantawa. Zoɓo marar sukari na ɗan sauke jini, an gani a ƙananan gwaje-gwaje, amma ƙari ne a kan ƙwaya, bai isa ya maye gurbinta ba.

4. Ku rage gishiri, ku kuma sa dunƙule da kanwa a lissafi.
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin burodi da taliyar leda da dunƙulen miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an bi mutum kusan 21,000, aka ba rabinsu gishirin da aka sauya kwatansa da sinadarin fotashiyam, sai rahoton 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a cikinsu. Wannan gishirin bai dace da mai ciwon ƙoda ba, amma darasin na kowa ne. Kada uwargida ta yanke shi rana ɗaya, gida zai yi bore. Ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan tana cike gurbin da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, cikin 'yan makonni harshe ya saba.

5. Ganye kullum, ko da ɗan kwaɗo ne.
Binciken SIREN ɗin nan ya ga cewa waɗanda ba su cika cin ganye ba sun fi masu ci shiga haɗarin shanyewar jiki fiye da ninki biyu. Zogale da rama da alayyahu da yakuwa duk suna kasuwa, zogale ma itace ɗaya a bayan ɗaki ya wadatar da gida.

6. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: asibiti yanzu.
Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, ko jijiya ta toshe ko ta fashe, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambancewa, don haka kada a ba shi asfirin a gida. Allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi take aiki. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin haɗiya kan lalace abin ya gangara huhu. A yi addu'ar a cikin mota, ana tafiya.

7. Asfirin na kullum ba na kowane tsoho ba ne.
An gwada shi a kan tsofaffi masu lafiya fiye da 19,000 a Ostireliya da Amurka, sakamakon 2018 kuma ya nuna bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai zubar jini da ya ƙaru. Wanda likita ya ɗora a kansa bayan bugun zuciya ko shanyewar jiki, nasa daban ne, ya ci gaba da sha.

8. Ku tattara magungunan tsoho duka a leda ɗaya zuwa asibiti.
Na asibiti, na kemis, haɗin ciwon jiki, jiƙo da garin gargajiya, duka a zube wa likita a tebur, domin sau da yawa jirin da ake kuka da shi daga haɗuwarsu yake. Magungunan ciwon gwiwa irin diklofenak da ibuprofen, in aka ɗore a kansu, suna cin ƙoda, suna jawo gyambon ciki, suna kuma ɗaga jini. Ƙwayoyin mura masu sa barci su ma kan kayar da tsoho.

9. Ku daina karɓe wa tsoho kowane aiki.
A nan ladabinmu ke cutarwa. "Baba, zauna, bari a kawo maka" magana ce mai daɗi, amma cinyar da ba ta aiki zubewa take yi, ranar da ta kasa ɗaga mai ita kuma an shiga jinya. A wani bincike da ya fito a 1990, likita Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma 'yan shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi na Boston suna ɗaga nauyi da ƙafa, cikin mako takwas ƙarfinsu ya ninka fiye da sau biyu. A gida kujera mai ƙwari ta isa: a jingina ta da bango, Baba ya tashi ya zauna sau goma safe da yamma, da dafawa da farko, daga baya ba dafawa. Inna kuma a bar mata 'yar shararta da tsinar wakenta.

10. Ku zagaya gidan da idon mai neman abin tuntuɓe.
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, waɗanda suka haura 60 ne kuma suka fi yawa. Ku kankare gansakukar makewayi, ku kafa ƙarfen riƙo a bangonsa, ku ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, ku jefar da silifas ɗin da ƙasansa ya suɗe, ku ajiye tocila a gefen shimfiɗa saboda alwalar asuba. Wani tsarin motsa jiki da Jami'ar Otago ta Niyu Zilan ta fitar ya rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 35 cikin 100, kuma cikinsa akwai abin da bai wuce tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango ba.

11. Ba sai an yi taku 10,000 ba.
Wannan lambar daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta Japan ta samo asali a 1965. Binciken Harbad na 2019 a kan mata kusan 17,000 da shekarunsu ke kusan 72 ya nuna masu taku 4,400 a yini sun fi masu 2,700 tsawon rai, ribar kuma ta daina ƙaruwa a wajen 7,500. Masallaci da ƙafa, gidan maƙwabta da ƙafa, kai jika makarantar allo, an kusa cike adadin.

12. A bazara kada ku jira tsoho ya ce yana jin ƙishi.
Wani gwaji a Ingila a 1984 ya hana matasa da tsofaffi ruwa na awa 24, da aka kawo ruwan sai tsofaffin suka sha kaɗan, suka ce ba su ji wani ƙishi ba, alhali jikinsu ya fi bushewa. Ku miƙa kofi bayan kowace salla ba tare da tambaya ba. Sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, a bi ƙa'idarsa.

13. Gigin tsufa ciwo ne, kuma ana iya rage haɗarinsa.
Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, taba, rashin motsi, kaɗaici, nauyin kunne, raunin gani da ƙarancin karatu tun yarinta. Wani bincike da aka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka, ya tarar masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, alamar cewa yanayin rayuwa na da nasa kaso. In Kaka ta soma kiran jika da sunan wanda ya rasu, kada a yi gardama da ita, kada kuma a bari wani ya jefe ta da maita. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin yini ko biyu kuwa ba gigi ba ce: zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko faɗuwar suga kan jawo ta, a kai asibiti ranar.

14. Kunne da ido su ne ƙofar hira, ku kula da su.
Wani nauyin kunnen dauɗa ce kawai da ma'aikacin lafiya zai wanke, ba da tsinken ashana ko gashin kaza ba; in kuna magana da mai nauyin kunne ku fuskance shi, ku sassauta gudu, ihu ba ya ƙara komai. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100 na makantar manya, kuma ƙaramin aiki ke cire ta a wurare irin Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Ku nisanci masu tura yana da tsinke a gargajiyance, binciken ya ga idanu da yawa da suka mutu a hannunsu.

15. Tabarau na karatu ba ƙawa ba ne.
Bayan shekara 40 ido kan daina kama abu na kusa, shi ya sa ake miƙar da hannu da waya. A jihar Assam ta Indiya an raba wa masu tsinkar ganyen shayi tabarau mai arha, rahoton 2018 ya nuna aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100. Tela da mai ɗinkin hula da mai son komawa ga karatun Alƙur'aninsa duk abin ya shafe su, a kuma roƙi a auna hawan jinin ido tun da an je.

16. Kada ɗakin tsoho ya zama na can ƙurya.
A 2010 an tattara bincike 148 da suka ƙunshi mutum fiye da 300,000, aka ga masu zumunci mai ƙarfi sun fi marasa shi damar tsawon rai da kashi 50 cikin 100. A fito da Baba majalisa ko da a kujera ne, a ci tuwon dare tare da shi, a nemi shawararsa da gaske. In kuma kuna neman wanda zai zauna da shi ba gajiya, ga jikoki nan, sauran shawarwarin ma nasu ne.

17. Ku yi wa jariri hira da wasa tun bai iya amsawa ba.
A birnin Kingiston na Jamaika, daga 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da tamowa ta tsumburar, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye wasa da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar suna samun kuɗin da ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa wannan wasan ba da kashi 25 cikin 100. Gwangwani da murfi, kiran sunan duk abin da ya nuna, tatsuniya da dare: aikin kaka ne tun fil azal.

18. Ku zana gidaje goma a jere da gawayi.
Masana biyu a Amurka, Robert Siegler da Geetha Ramani, sun nuna a 2008 cewa zama huɗu na kusan minti 15 a kan wasan gidaje masu lamba 1 zuwa 10 ya inganta ƙirga da sanin babba da ƙarami ga yaran talakawa 'yan shekara huɗu. Ku zana a siminti, murfin kwalba ya zama doki, a jefa kwabo: kai taku ɗaya, wutsiya taku biyu. Sirrin shi ne yaro ya faɗi lambar gidan da yake takawa, in yana kan 6 ya ce "bakwai, takwas", kada ya ce "ɗaya, biyu".

19. Lissafin kasuwa da na aji ba sa haɗuwa da kansu, ku haɗa su.
A Resife ta ƙasar Birazil, a wani rahoto na 1985, masu bincike sun yi ciniki da yara masu talla suka ga suna cin kashi 98 cikin 100 na lissafin da ka, da aka rubuta musu lambobin nan dai a takarda sai suka dawo 37. An sake gani a kan yara fiye da 1,000 a kasuwannin Kalkata da Delhi a rahoton 2025, aka kuma ga akasinsa: 'yan makarantar da ke cin jarrabawa sun kasa ba da canji. Saboda haka yarinyar da ba a taɓa cuta a cinikin awara ba ba daƙiƙiya ba ce, ko me takardar sakamako ta ce. In an dawo daga aike, a sa yaro ya rubuta abin da ya yi da ka: nawa aka ba shi, mudu nawa, saura nawa. In kuma an ba shi aikin gida, a mayar masa da lambobin naira da ƙwai.

20. Kada yaro ya ji kuna cewa "ni ma lissafi ya fi ƙarfina".
Binciken Jami'ar Shikago na 2015 a kan 'yan aji ɗaya da biyu ya gano cewa iyayen da ke tsoron lissafi, in suna yawan taya aikin gida, 'ya'yansu kan koyi ƙasa da na sauran, su kuma gaji tsoron. Ba sai kun iya ba. Ku ce "nuna mini yadda malam ya yi", ku saurara, ku ajiye bulala nesa.

21. A rufe littafin, a yi tambaya.
A wani gwaji na 2006 a Amurka, ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta shafi sun tuna kashi 40 cikin 100 bayan mako guda, waɗanda suka karanta kaɗan aka yi ta sa su faɗo da ka kuma suka tuna 61. Masu maimaita karatun ne ma suka fi jin sun iya, nan ne tarkon. Tsangaya ta daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba a wanke allo sai an biya da ka, ake kuma tilawar baya kullum. Ku yi wa jadawalin sau haka: minti goma yau, a sake jibi, a sake mako mai zuwa, ya fi kwanan zaune daren jarrabawa.

22. Ku fara daga inda yaro yake, ba daga ajin da yake ba.
Ku gwada ɗan aji biyar da 52 a ɗebe 17. In ya kasa, kasafi da ɗigo ba za su zauna ba sai an koma an gyara ɗebewa, da tsinke ko duwatsu, ba kunya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsari guda a kan wannan, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu kyautar Nobel a 2019 suna cikin waɗanda suka auna shi, an kuma gwada shi a firamaren Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. Ku yi bayanin da Hausa: a gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare ba su gaza a Turanci ba, sun ma fi takwarorinsu a darussa da dama.

23. Ku ba kaka da jika hatimi su warware.
Ku zana gida tara, uku-uku, a jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da kwance da karkace, zai ba da 15. Ku gaya wa yaron cewa Bakatsine ne, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin gina irin waɗannan gidaje a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. In sun cije, ku raɗa musu cewa 5 ce a tsakiya.

24. In an turo muku "bincike ya nuna", ku yi tambaya uku.
A kan mutum nawa aka yi, mutane ne ko ɓeraye, kuma da wa aka kwatanta? Takardar 1998 da ta tsorata duniya cewa rigakafin ƙyanda na jawo galahanga a kan yara 12 kacal aka gina ta, mujallar ta janye ta a 2010, binciken Denmak a kan yara fiye da 650,000 kuma bai ga wata alaƙa ba. In an ce haɗari "ya ninka", ku tambaya daga nawa zuwa nawa: a Birtaniya a 1995 an firgita mata cewa wata ƙwayar tazarar haihuwa na ninka haɗarin gudan jini, ashe daga mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Saƙon WhatsApp da bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada ku tura wa kowa, kada kuma Baba ya ajiye maganinsa saboda shi; ku nuna wa likita ko ma'aikacin lafiyar unguwarku tukuna.